Ni da Sani a Kan Dutse Mai Aman Wuta

Zuwa ga Inna Hajo, Kore Mairuwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Baba da yara duka. Yaya ciwon ƙafarki? Yaya damina da bisashe?

Inna, ki zamna kafin a karanta miki sauran. Ɗanki Sani yana da rai, amma yana kwance gidan likita nan Italiya.

Ranar hutu munka bi abokan aikinmu na gonar lemu, munka hau Etna, dutsen nan mai aman wuta. Dogon Dutsi namu jariri ne gabanshi. Mun yi nisa ke nan, sai ƙasa ta girgiza, dutsen ya yi ruri. Baƙin hayaƙi ya rufe rana, tsakuwa mai zafi tana zubo muna. Jagoranmu ya daka tsawa, "Ku sauka, kada wanda ya tsaya!"

Ina gudu na waiga, ba Sani. Na koma cikin hayaƙin ina kiran sunanshi. Na iske shi durƙushe, ciwon fukarshi ya tashi. Ya ce, "Yaya, tafi, numfashi ya ƙi." Na ce, "In na tafi, mi zan gaya ma Inna?" Na ɗaure mishi hanci da rigata, na goya shi, ina tuntuɓe, har inda motoci suke.

Likita ya ce ƙirjinshi bai washe ba tukuna. Ki sa a yi mishi addu'a, ni ma kada ki manta da ni. A gaida Baba da ƙannena.

Yanzun nan Sani ya buɗe ido, ya ce kada ki yi kuka, da bakinshi zai kira ki.

Ɗan yayarki,
Mamman