Hannun da Baba Ke Ɓoyewa

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sa albarka a nema. Mu nan sai godiya. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi har ya koma faɗansa, ka san lafiya ta samu ke nan. Inna kuwa tana cin abinci, amma mantuwar nan sai abin da ya ci gaba. Ni da nake yi mata wanka, rannan ta tambaye ni 'yar gidan waye. Na nuna mata hoton Baba, ta dube shi kamar na kalanda. Wallahi ranar na tsorata, na ce shi ke nan, shi ma ya fita daga ranta.

Ka tuna hoton, wanda yake tsaye a ƙofar shagonsa na kafinta, ya mai da hannun hagu baya saboda yatsan da zarto ya cinye. Na kai wa mai hoton bakin layinmu ya gyara inda ruwa ya taɓa, sai ya ce ai yanzu kwamfuta na iya sa hoto ya motsa. Na ce ya raba ni da tatsuniya. To, gani ya kori ji. Auta, ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Baba ya rabu da bango ya matso gaba, shagon ya yi zurfi a bayansa, ga katako a jingine, ga bencin can ciki, kamar kana leƙe ta taga kana karkata kai. Ya ƙifta ido, sannan ya sauke hannun nan daga baya. Nan take na kama salati. Mai hoton ya ce duk abin da hoto bai nuna ba, na'urar ce ke cikewa da hasashenta. Ni ban lura da komai ba, hawaye ya rufe min ido.

Na kawo wa Inna a waya. Ta ƙura ido tana kallo, har ta juya wayar tana neman bayansa. Can sai ta yi dariyar nan tata da muka daɗe ba mu ji ba, ta ce wane ne ya mayar wa mutumin nan yatsansa. Na duba, ashe biyar cif na'urar ta yi masa. Ta ce ita ce ta ɗaure hannun da gefen zaninta ranar, kana goye a bayanta kana tsala ihu, ka fi mai ciwon. Ta kira ni da sunana, ta ce ina Auta, a kira shi ya zo ya ga babansa. Mai hoton ya so ya gyara kuskuren, na hana shi.

Na ce mata kana hanya, don Allah kada ka sa na yi wa uwata ƙarya. Bidiyon zan turo maka, amma Inna ba ta turuwa. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe. Yau dai ta san ka, gobe sai Allah.

Ka gai da maiɗakinka da 'yan biyu. Kawu da Gwaggo suna gaishe ka. Inna ta ce kada a ba ta saƙo, da bakinta za ta gaishe ka.

Ni ce yayarka mai jiran sallamarka.