Takardun da Ruwa Ya Ci

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu ma lafiya lau, sai ciwon bayan Baban yara da har yanzu bai bar shi ya koma tuƙi ba, ko tsayuwa sai an riƙe shi.

Yaya, albishirinki. Kamfanin haɗa magungunan da na nemi aiki a wurinsu sun kira ni. Matar da ke ɗaukar ma'aikata ta ji daɗin shekarun da na yi a kan injin cika kwalabe a masana'antar sabulu. Sai dai ta ce kafin ƙarshen wata in kawo takardun shaidar horon da aka ba ni a can: ta sarrafa inji, ta taimakon gaggawa, da ta kashe gobara.

Na dawo gida da sauri, na janyo akwatin ƙarƙashin gado. Kin tuna ruwan da ya shigo mana ɗaki bara? Ashe ya kai ga jakar takardun ban sani ba. Duk sun manne sun zama dunƙule ɗaya. Na sa wuƙa in ɓamɓare su, suka riƙa marmashewa a hannuna. Rabin hotona kawai ya tsira, shi ma ba hanci. Baban yara ya ce ai kunnen ya isa shaida. Na yi dariya, na shiga banɗaki na sha kukana.

Kin san an rufe masana'antar tuni, ban san wa zan nema ba. Don Allah kada ki gaya wa Inna tukuna, ki dai sa ni a addu'a.

Taki har kullum,
Auta

*

Yayata,

Ina gaida ki da kowa na gidan. Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci.

Na je tsohon wurin aikinmu. Yanzu ma'ajiyar tayil ce. Ɗakin da muke canza kaya an cika shi da kwalaye har rufi, mai gadin kuma sabo ne, bai san kowa ba. A hanyar dawowa na biya wurin 'Yar Fara, wadda muka yi aiki a layi ɗaya da ita a masana'antar, yanzu tana sayar da zare da maɓalli. Ita ta tuna mini cewa duk horon da muka yi, shugabar sashenmu ce ta shirya shi.

Wato Madam Agogo, Yaya. Matar da nake kawo miki ƙararta kullum, wadda ke tsayawa a bakin ƙofa tana duba tsintsiyar hannunta in na makara. Na daɗe ina kai-kawo a gaban gidanta kafin na ƙwanƙwasa.

Ta tsufa, da sanda take tafiya. Ta gane ni nan take, kuma wallahi sai da ta duba agogon. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce ba masana'anta ce ta ba mu takardun ba, wata cibiyar horo ce, kuma cibiyar tana nan tana aiki. Na zaci kwatance za ta yi mini. Sai ta yafa mayafi, ta ɗauki sandarta, ta ce in tsayar mana da mota.

A cikin mota na kasa haƙuri, na ce na ɗauka ba ta ƙaunata. Ta ce, "Ke ba ki taɓa zuwa a kan lokaci ba, amma injinki bai taɓa tsayawa ba. Da ba na son ki, da ban ɓata bakina a kanki ba."

Mun sha zaman benci a cibiyar. Daga ƙarshe suka ga sunana a kwamfuta, suka sake buga mini guda biyu. Ta kashe gobara kuwa wa'adinta ya ƙare, sai na sake shiga aji, kuma ajin sai wata mai zuwa. Madam ta ce in daina sunkuyar da kai, in ɗauki biyun in je in faɗa wa kamfanin gaskiyar yadda abin yake. Gobe zan je.

Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata ta kaina,

Da fatan kun tashi lafiya. Ki yafe mini shirun da na yi, yanzu za ki ji dalili.

Matar kamfanin ta karɓi biyun, ta shiga ciki ta daɗe. Da ta fito ta ce in fara aiki na gwaji, in na kawo ta ukun a tabbatar da ni.

Ajin kashe gobarar ba ni kaɗai na je ba. Na ja 'Yar Fara da wasu matan layinmu biyu, don su ma tasu ta ƙare. Aka kunna wuta a rabin duro a tsakar fili, aka miƙo mini tulun kashe gobara. Na matsa, na matsa, shiru. Ashe ban zare fil ɗin da ya kulle shi ba. 'Yar Fara ta yi dariya har da riƙe ciki. A karo na biyu na kashe ta tas, na kuma mayar da takalmin malaminmu fari fat da hodar tulun. Jiya na miƙa takarda ta uku, an tabbatar da ni. Yanzu ki gaya wa Inna komai.

Wani abu kuma. Yau da safe na fito wanka na tarar da Baban yara a tsaye, ya dafa tebur da hannu ɗaya, yana goge mini farar rigar aiki. Rabon da in gan shi tsaye haka ba mai riƙe shi, na manta. Ya ɗan ƙona wuyan rigar, ya ce in bar ta in sa wata. Na ƙi. Da ita na tafi aiki, kuma da ita nake rubuta miki wannan wasiƙar.

Ki gaida maigidanki da yara, ki rungume mini Inna.

Taki,
Auta