Zai Sayar Da Laftof Ɗina Don Ya Ciyar Da Tsohuwar Saba

Assalamu alaikum Anti Mansura. Don Allah ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani, don raina ya gama ɓaci, ko abinci ba ya mini daɗi.

Ni matar aure ce a Gummi. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki, amma ɓangaren mata kaɗai: sa lalle, kamu, wuni, duk inda namiji ba ya shiga. Har Anka da Bukkuyum ake kirana, kuma ba wai na fi kowa iya aikin ba ne. An dai san daga kyamarata sai laftof ɗina, a ɗakina nake tacewa in haɗa, in kai wa uwar amarya hannu da hannu. Mata suna yar da mayafi su taka rawa a gabana don sun yarda ba idon namijin da zai gani.

Maigidana shagon kwamfuta gare shi a bakin titi, buga takardu, hoton fasfo da cajin waya. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba, amma in abu ya shiga ransa shi ke nan. Kwanakin baya abokinsa Mamuda ya dawo daga Kano da wani ƙaton ƙarfe, sai da mutum biyu suka kama. Wai saba ce, irin babbar kwamfutar da kamfanoni suka gama aiki da ita a Turai. Maigidana yana gani ya karɓa.

Anti, ina tsaye aka buɗe murfin a tsakar gidana don a kakkaɓe. Kyankyasai suka watso, manya da 'ya'yansu. Ga kashin ɓera kowane lungu, ga wani datti ya daskare a fankokin, ga wari kamar tsohon buhun kifi. Sai da na yi amai a bakin rariya. Shi kuwa yana ta shafa ta yana murmushi. Da tsintsiyar ɗakina aka share ta, ranar na jefa tsintsiyar a bola. Da aka kai ta shago aka kunna, ƙararta sai ka ce injin markaɗe. Solar da take kai su har magariba, yanzu rana na karkatawa sai imbata, na'urar da ke juya wutar batura, ta fara kuka.

To ga inda matsalar take. Wai sabar furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'ura, biyu gare ta, irin da ake kira Xeon, masu kawunan aiki ashirin da huɗu, ta laftof ɗina kuwa kawuna takwas. Kullum zancen ke nan, ashirin da huɗu da takwas, har 'yan majalisar ƙofar shagon sun haddace. Wasunsu ko kunna kwamfuta ba su iya ba, amma suna gyaɗa kai suna tofar da tuƙar goro. Yanzu ya yanke a sayar da laftof ɗina a ƙaro wa solar batura, ni kuma in riƙa zuwa shago ina aikina a kan sabar, wai zai fi sauri ninki uku.

A shago fa, Anti! Inda allon ke kallon ƙofa, inda masu haƙar zinariya ke shigowa karɓar wayoyinsu, inda majalisa ke wuni. Nan zan buɗe bidiyon 'yar Hajiya Sahura ta Bukkuyum, da ita da ƙawayenta ba mayafi? Na faɗa masa, ya ce zai sa labule. Labule! Na ce ai bidiyon zai zauna cikin na'urar da kowa ke taɓawa, ya ce ƙauyanci ke damuna. Wallahi ƙyamar da na ji a wannan maganar ta fi ta kyankyasan.

Na kai ƙara wurin Inna mahaifiyata, ta ce in yi haƙuri, shi ya san na'ura. Ni ban san furosesa ba, na dai san tawa ba ta taɓa ba ni kunya ba. Mai saye zai zo ranar kasuwa. Da gaske tsohuwar nan ta fi tawa? In ma ta fi ɗin, yaya zan yi?

Taki, Mai Takaici daga Gummi.

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya huci zuciyarki. Bari mu fara da na'urar, don na tuntuɓi waɗanda suka san harkar.

Maigidanki bai yi ƙarya ba, ashirin da huɗu ta fi takwas. Sai dai yawan kawuna ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Irin waɗannan sabobi na hannu yawancinsu sun daɗe, wasu sun haura shekara goma. An yi su ne don su ɗauki ayyukan mutane da yawa lokaci guda, a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, kuma kowane kai nasu a hankali yake aiki. Na laftof na zamani kaɗan ne, amma kowanne ya fi sauri, kuma yawanci akwai sashe na musamman na haɗa bidiyo wanda tsohuwar ba ta da shi sai an ƙara mata katin sarrafa bidiyo. Wutar da saba za ta sha a awa ɗaya kuwa tana iya riƙe laftof mafi yawan wuni.

Amma kada ki ce shara ya sayo. Saba tana da wurin ajiya mai yawa, tana da juriya, in zai faɗaɗa shago ya jona kwamfutoci da dama za ta yi masa amfani. Ke ma ki duba kanki. Mutum ya kawo abin da yake alfahari da shi kin tarbe shi da yamutsa fuska, dole ya taurare.

Ki roƙe shi ku yi gwaji, ku biyu, da safe kafin majalisa ta zauna. A sa bidiyo ɗaya a na'urorin biyu, wanda ba na mata ba, ko na girbin shinkafa ne. Shi zai riƙe agogo, shi zai duba batir. In laftof ta ci, kada ki yi dariya, kada zancen ya fita. Wanda ya cika baki gaban abokai yana buƙatar hanyar sauka ba tare da jin kunya ba.

Sai dai tun kafin gwajin ki sanar da shi cikin ladabi cewa ko sabar ce ta ci, aikin mata ba zai je shago ba. Bidiyon nan ba naki ba ne, ba nasa ba ne, amanar matan mutane ce. Ki tambaye shi, da ƙanwarsa ce ke rawa a kan allon, labule zai ishe shi? In ya dage, ki sa wani babba da yake jin nauyi ya shiga kafin ranar kasuwa. In duk da haka aka sayar, ki miƙa wa kowace uwar amarya nata, ki tabbata an goge komai kafin laftof ta bar hannunki, ki daina karɓar aiki har Allah ya hore miki wata. Za ki ji zafin rasa bukukuwa, amma bidiyo ɗaya ya shiga wayar wani ɗan majalisa, auren wata baiwar Allah ne zai girgiza, kuma da ke ta yarda har ta cire mayafinta.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya rufa asirinki da na matan da suka amince da ke.