Abin da Na Rubuta a Sheme

Zuwa ga Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Binta da yara. Ina gajiyar aikin tashar jirgin ruwa da cunkoson Ikko? Mu nan Ƙanƙara lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Littafin da ka ba ni bayan rasuwar ɗiyata Rabi, ka ce in riƙa rubuta abin godiya guda kullum, da shi nake yawon allurar rigakafi. Da farko ƙananan abubuwa nake sawa, kamar furar Mairuwa da sabuwar kwalta.

Ran Laraba muna hanyar Sabuwa motarmu ta mutu a Sheme. Wata tsohuwa ta hangi fararen kayana ta ce, "Malama, taimaka mani, tun safe surukata ke kan gwiwa." Na shiga, ko da yake tun rasuwar Rabi ban sake karɓar haihuwa ba. Kafin la'asar ta sauka lafiya, aka samu mace. Na rungume jaririyar ina kuka, tsohuwar ta ƙyale ni har na gama.

Ranar shafi biyu na cika. A karon farko na iya gode wa Allah da wata bakwai ɗin da ya bar mani Rabi.

Ka sa ni a addu'a. A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Hadiza