Ciwon da Malam Ya Bar wa Hauwa

Daren Laraba, Bunkure

Sai yau na gane. Ana tsakiyar sadakar arba'in ɗin Malam, gida ya cika da mata da turare da hayaƙin suyar waina, na nemi 'yata Hauwa na rasa. A ɗakin hatsi na same ta cikin duhu, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali, ta dafe idon hagu. Haka ubanta yake kwanciya in ciwon ɓarin kai ya kama shi bayan ban ruwan tumatir.

Gwaggonta Asabe ta leƙo ta ce, "Miskilancin uban ne sak. Ana zuwa yi mata gaisuwa tana kwance!"

Da ta fita, Hauwa ta ce, "Umma, wallahi ba raini ba ne. Ko haske ba na iya kallo."

Ashe tun rasuwar take fama, tana amai a ɓoye. Yarinyar nan ba ta taɓa cewa ta gaji, kuma abu kaɗan in ya ɓaci sai ta kwana tana saƙa shi. Malam ma haka ya yi ta haɗiye damuwa, ana ce masa mai ɗaure fuska, har ya koma ga Allah.

Na jiƙa tsumma na ɗora mata a goshi har barci ya ɗauke ta. Ina takaba, kuma kawunta ya ce ciwon kai bai kai na asibiti ba. Har yanzu ban samu wanda zai kai ta Kura likita ya duba ta ba.