Ɗan Ƙaramin Biyu

Yaya,

Gaisuwa mai tarin yawa. Ya ƙafar taki, ta saki kuwa? Ya maigidan da yara?

Ki taya ni yaba wa hukuma, akwai hangen nesa. Shekara ashirin ina sayar da magani a lungun nan ban kashe kowa ba, sai bana suka gano jahili ne ni. Ko in kawo takardar cin jarrabawar kemistiri cikin wata uku, ko su garƙame shago. Ga ni a aji da furfurata, tebur ya matse min tumbi.

Darasin wai daidaita lissafi ne. Kibiya a tsakiya, a ƙirga ƙwayoyin zarra na hagu, a ƙirga na dama, sai sun zo ɗaya. Na ce ashe sikeli ne, ke kuwa kin san ni da sikeli. Malama ta rubuta haidirojin da oksijin su ba da ruwa. Oksijin biyu a hagu, ɗaya a dama. Sai na lallaɓa na ɗiga ɗan ƙaramin biyu a gindin na daman. Cif! Malama ta ce na daidaita kam, amma abin da na rubuta ya tashi daga ruwan sha, ya koma ruwan wanke ciwo mai kumfa, wanda nake da kwalba goma a shago. Wai ƙaramar lamba ba a taɓa ta, babba ake sawa a gaba. 'Yan aji har da masu riƙe ciki don dariya.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙaninki,
Likitan Lungu

Yaya,

Ina gaisuwa. Na ji ƙafar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara.

Sakamako ya fito, na faɗi. Na san dokar sarai. Amma in na ƙara wa dama sai hagu ta gaza, in na cika hagu sai dama ta zarce, agogo kuma na gudu. Hannu ya koma halinsa, na taɓa ƙananan lambobin.

Shekaranjiya 'yan hukuma suka zo suka sa wa shago kwaɗo. Uwar yara ba ta sani ba. Kullum da safe nakan sa hula in fita, in yini a bencin tela ina kallon ƙofata. Masu ciwon kai na wucewa suna ce min sannu likita. Don Allah kada Inna ta ji.

Abu ɗaya na riƙe daga ajin. Malama ta ce babu abin da ke ɓacewa a duniya, duk abin da ya shiga ta hagu sai ya fito ta dama. To Yaya, ke da kika fi ni karatu, shekaruna ashirin ta ina suka fito?

Ƙaninki,
Likitan Lungu