Kwallin Bilkisu

Zongo, Wagadugu, Talata

Zuwa ga maigidana Waliyullahi,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da abokan aikinka na gadin daji. Yaya kunnen hagu? Na ba direban ofishinku wannan takarda tunda babu rezo, waya ba ta shiga inda kuke.

Ka manta silansiye ɗinka a durowa, wannan bututun titaniyom da kake ɗaurawa a bakin bindiga don ya rage ƙara. Na haddace karatun da ka yi min a kansa. Kada a taɓa shi da zafi. Kada a kwance shi sai an tabbatar babu harsashi. A goge shi a waje, da safar hannu, domin baƙin da ke cikinsa toka ce ta albarushi da dalma. Ka kulle bindiga a ofis, ka yi wa kowa gargaɗi, ban da Inna.

Yau da safe na tarar da mahaifiyarka tana ƙwanƙwasa shi a kan faranti, baƙin gari yana zuba. Ta ce ta ɗauka tandun kwalli ne na Turawa ka kawo mata, ga shi fari, ba nauyi, ba tsatsa, naɗe a ƙyalle mai kyau. Kwana uku ke nan tana sa wa 'yarmu Bilkisu a ido bayan wanka. Yarinyar da ko arba'in ba ta cika ba.

Na wanke idon. Rasmata maƙwabciya ta kai mu asibiti a babur, an ɗibi jini. Sakamako sai Juma'a. Na iya lissafa maka duk abin da dalma ke yi wa ƙwaƙwalwar jariri.

Taka,
Shifa

Zongo, Asabar

Maigida,

Bayan gaisuwa, ina fata takardata ta same ka lafiya. Inna tana gaishe ka, ko da yake ta daina cin abincin kirki.

Akwai abin da ban faɗa maka ba. Ni na ɓoye tandun Inna tun ranar suna, don na san kwallin kasuwa ma yakan zo da dalma. Na ji nauyin in ce wa surukata al'adarta guba ce, sai na cusa shi ƙasan akwati, na taya ta nema. Shekara biyar ina karanta kimiyya a jami'a, ga iyakar dabarata. Da na buɗe baki, da ba ta je durowarka ba.

Sakamako ya fito. Akwai dalma a jinin, likita ta ce ba ta kai ta kwantarwa ba, amma za a sake gwaji bayan wata guda. Ta tambaye ni wa ke harbi a gidan, kuma ina ake wanke kayansa. Na tuna sau nawa ka ɗauki Bilkisu da rigar aiki. Daga yanzu a zaure za ka tuɓe, ka yi wanka, sannan ka taɓa ta.

Jiya na fito da tandun na gaya wa Inna komai. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce da shi ta raine ka, sannan ta tambaye ni ko shi ya taɓa maka kunne. Na ce bindiga ce. Ban tabbata ta yarda ba.

Bututun yana cikin leda biyu, a kulle, mabuɗin a wuyana. Ka zo da kanka ka mayar da shi ofis, ba zan ba direba ba.

Bilkisu tana shan nono sosai. Nakan wuce da yatsa gaban idonta in ga ko za ta bi. Yau ta bi sau tara. Na goman ta yi barci, ni kuma na tashe ta.

Matarka,
Shifa